Filin Tambaya da Amsa: Wace Ma'adana Zan Saya wa Kwamfutata?

Yawancin saƙonnin da suka shigo mana a wannan watan a kan abu guda suke, wato ma'adanar cikin kwamfuta, wadda masu gyara ke kira had-dis, inda babbar manhaja da fayiloli da hotuna ke zama ko da an kashe na'urar. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa. Kusan duk masu tambayar da yawan gigabait suka fara, alhali shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Kafin a zo kansa, sai an san irin gurbin da kwamfutar ke da shi, da irin aikin da za a ɗora wa ma'adanar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike wa ɗalibai fom. Laftof ɗina HP EliteBook 8470p ce, ma'adanarta 320GB, ta cika kuma ta yi nauyi, sai ta ci minti uku ko huɗu kafin ta gama tashi. An nuna min HDD mai 1TB da SSD mai 256GB, kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka?
Mai shagon buga takardu, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauki SSD, kuma in aljihu zai iya, ka ɗan ƙara ka ɗauki mai 480 ko 512GB. Nauyin da kake kuka da shi ba daga ƙarancin wuri kaɗai ya zo ba, daga yadda HDD ke aiki ne. A cikinta akwai faifai mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani siririn hannu da ke shawagi a kansa yana karatu da rubutu. Duk lokacin da aka nemi fayil, sai hannun ya tafi layin da fayil ɗin yake, ya jira faifan ya juyo da shi. Wannan jiran bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin dubu na daƙiƙa ba, amma Windows idan za ta tashi dubban ƙananan fayiloli take karantawa, kowanne da nasa jiran. SSD ba ta da abin da ke motsi, don haka jiran nata ya yi ƙasa da wancan kusan sau ɗari. Wajen kwafe babban fayil ma, HDD ta laftof ba ta cika wuce megabait 130 a daƙiƙa ba, SSD mai SATA (bakin da aka saba jona ma'adana da kwamfuta da shi) kuwa tana kai 500 zuwa 550. Da ka sayi HDD mai 1TB, wuri za ka samu, nauyin yana nan inda yake.

Wannan laftof ɗin ta shekarar 2012 ce, gurbinta na inci 2.5 ne mai mahaɗin SATA, ba ta da gurbin M.2, na siririyar SSD mai kamar tsinke. Saboda haka ka ce wa mai shago SSD ta inci 2.5 kake so, kada ya ba ka mai kamar tsinken nan. Kaurin SSD milimita 7 ne, tsohuwar da za ka cire kuwa mai yiwuwa 9.5 ce. Wannan ba matsala ba ce muddin ka ɗaure ta da sukurori huɗu a jikin ƙarfen da ke riƙe da tsohuwar. Matsala tana zuwa ne idan abin ya juya, kamar a ThinkPad X230 wadda ma'adana mai kaurin milimita 7 kawai ke shiga gurbinta.

Idan ba ka amfani da wurin faifan DVD, ana sayar da wani gida da ake zarewa a sa a madadinsa, a ɗora HDD a ciki. Sai SSD ta riƙe Windows da manhajoji, HDD ta riƙe takardun kwastomomi. Gidan iri biyu ne, mai kaurin milimita 9.5 da mai 12.7, don haka ka zaro na'urar DVD ɗin ka tafi da ita a gwada.

Akwai masu tsoratar da mutane cewa SSD tana saurin ƙarewa. Gaskiya ne rubutun da za ta iya ɗauka yana da iyaka, kuma kamfanoni suna rubuta shi da sunan TBW. Samsung 870 EVO mai 500GB, alal misali, an ba ta terabait 300. Wanda ke rubuta 20GB kullum, a shekara terabait 7.3 ya rubuta, ka ga sai ya shekara arba'in kafin ya kai iyakar. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka cika ta maƙil, ka bar mata kamar kashi 15 cikin ɗari, don da wannan sararin take jujjuya bayanai. Ka duba RAM ma. Idan 4GB ce ka mayar da ita 8GB, nau'in DDR3. Amma kada ka zuba kuɗi da yawa a wannan na'urar: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma firosesan da ke cikinta ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Alherin SSD shi ne ranar da ka canza kwamfuta za ka iya cire abarka ka tafi da ita.

Tambaya: Salam. Na sayi SSD mai siffar M.2, ta shiga gurbin laftof ɗina daidai, na ɗaure sukurun, amma da na zo sa Windows sai ba ta fito a jerin ba. Ta lalace ne?
Wata ɗaliba, Kano

Amsa: Malama, da wuya a ce ta lalace. Fara da shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ke zuwa kafin Windows ta tashi: da kin kunna na'urar ki riƙa danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce, F1 a yawancin ThinkPad. Duba ko sunan ma'adanar ya fito.

Idan ya fito, to ma'adanar lafiya lau take, manhajar sa Windows ce ba ta gan ta ba. Hakan na yawan faruwa a laftof masu firosesan Intel na zubi na 11 zuwa sama, saboda wani tsari da ake kira VMD. Ko dai ki kashe VMD a cikin BIOS, ko ki sauke direban Intel RST daga shafin kamfanin laftof ɗin ki sa a fulash, idan kin zo wurin zaɓen ma'adana ki danna Load driver ki nuna masa.

Idan kuwa ko BIOS ba ta gan ta ba, mai yiwuwa nau'in da kika saya ba shi ne gurbin ke ɗauka ba. M.2 sunan siffa ce kawai. Ma'adanar da ke da wannan siffa ko dai ta SATA ce ko ta NVMe, kuma hanyar sadarwarsu da kwamfuta daban take. Wani gurbin yana ɗaukar duka biyun, wani ɗaya kawai, kuma abin da ke ruɗa mutane shi ne tana iya shiga ta zauna daram alhali ba za su taɓa fahimtar juna ba. Dubi bakinta inda haƙoran zinaren suke: mai giɓi biyu yawanci SATA ce, mai giɓi ɗaya yawanci NVMe. Mun ce yawanci, don akwai 'yan tsirarun NVMe masu giɓi biyu, saboda haka rubutun jikinta shi ne hujja. Ki nemi littafin gyaran laftof ɗin a intanet da cikakkiyar lambarta, zai faɗa miki abin da gurbin ke karɓa. Masu Lenovo suna da shafin PSREF da ke jera wannan dalla-dalla. Ki kuma tabbatar gurbin ma'adana kika sa ta, don wasu laftof suna da wani gurbin mai kama da shi na katin layin waya.

Ga masu shirin saye, lambar 2280 da kuke gani ma'anarta faɗi milimita 22, tsawo 80. Akwai 2242 da 2230, gajeru, kuma ramin sukurun da ke kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, shi zai nuna wanda ya dace. NVMe ta PCIe 4.0 mai gudun megabait 7,000 za ta yi aiki a gurbin PCIe 3.0, amma a kusan 3,500 za ta tsaya, don haka ƙarin kuɗin ya tafi a banza. Ƙananan laftof masu 32 ko 64GB nau'in eMMC kuwa, ma'adanarsu a manne take da madabod, ba a canza ta.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar bidiyon biki da suna, ina tace su a kwamfutar tebur. Ina son ƙara ma'adana mai 4TB ko 8TB a ciki. Na ga WD kala-kala, ga Seagate, ga Toshiba, kowa da abin da yake yabo. Ku ba ni shawara.
Mai ɗaukar bidiyo, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, aikinka yana cikin waɗanda har yanzu HDD ke da amfani a cikinsu, don idan ana maganar terabait da yawa ita ce mai araha. Kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa tana cin 45GB a awa ɗaya. Bikin da ka ɗauki awa biyar ya haura 220GB kafin ka fara tacewa, ka ga 4TB ba za ta riƙe fiye da irinsa goma sha bakwai ba.

Kamfanoni uku ne kawai suka rage a duniya masu ƙera HDD: Seagate, Western Digital da Toshiba. Seagate ta haɗiye Maxtor a 2006 da sashen HDD na Samsung a 2011, Western Digital ta sayi na Hitachi a 2012. Duk wata HDD mai wani suna daban da aka ce maka sabuwa ce, ta ɗaya daga cikin ukun nan ce aka sake wa takarda, kuma galibi tsohuwa. A WD, Blue ta aikin yau da kullum ce, Black mai sauri, Red ta akwatin ajiya mai aiki dare da rana, Purple ta kyamarar tsaro, Gold ta saba, wato manyan kwamfutocin kamfanoni. A Seagate, BarraCuda ce ta yau da kullum, IronWolf ta akwatin ajiya, SkyHawk ta kyamara, Exos ta saba. Toshiba tana da P300, X300, N300 da S300.

Abin da ya fi suna da launi muhimmanci a aikinka shi ne yadda ake jera rubutu a kan faifan, CMR ko SMR. A CMR kowane layi yana gefen ɗan'uwansa, ba mai taɓa wani. A SMR kuwa layukan suna hawa kan juna kamar kwanon rufi, don a samu wuri ya ƙaru. Wajen karatu ba a jin bambanci. Amma idan za a sake rubutu a layi ɗaya, dole a sake rubuta duk waɗanda suka hau kansa. Don ɓoye wannan jinkirin, ma'adanar tana da wani yanki da take fara zuba sabon rubutu, ta gyara jerin daga baya idan ta sami sarari. Mai ajiye 'yan takardu ba zai taɓa lura ba. Kai da za ka juye katin kyamara uku a jere, ko ka goge tsohon aiki ka zuba sabo, za ka cika yankin nan, sai ka ga gudun ya faɗo daga megabait 150 zuwa 'yan gomomi ko ƙasa, wani lokaci ya tsaya cak na ɗan lokaci. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red masu 2 zuwa 6TB SMR ne ba tare da an bayyana ba, daga nan kamfanin ya fito da Red Plus a matsayin masu CMR.

Kwali ba ya cika faɗin wannan, lambar samfurin ce ke faɗa, kuma harafi ɗaya na iya raba su. A masu 4TB, WD40EZAZ ta WD Blue SMR ce, WD40EZAX kuwa CMR. WD40EFAX SMR ce, WD40EFPX ta Red Plus CMR. ST4000DM004 ta BarraCuda SMR ce, IronWolf kuwa CMR ne. Rubuta lambar a takarda ka je da ita kasuwa, ka karanta ta a jikin ma'adanar da idonka.

Ra'ayinmu shi ne ka sayi 4TB guda biyu masu CMR maimakon 8TB guda ɗaya, ka riƙa kwafe aikin kowane biki a duka biyun, kada ka goge katin kyamara sai ka buɗe kwafin ka ga yana tafiya. Biki ba a maimaita shi, kuma kowace ma'adana, komai tsadarta, ranar mutuwarta tana nan. Aikin da kake tacewa a yanzu ka ɗora shi a SSD, in ka gama ka mayar da shi HDD. Da wannan tsarin mai juyi 5,400 ta ishe ka, ga ta da ƙarancin zafi da ƙara a kan mai 7,200.

Kafin ka fita, buɗe akwatin kwamfutar ka ga ko akwai gurbin inci 3.5 da ba kowa, da bakin SATA a kan madabod, da wayar wuta mai haƙori 15 daga fawa-saflai, wato akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar. Ƙananan akwatunan ofis irin siraran OptiPlex sau da yawa ma'adana ɗaya kawai suke ɗauka. Ka guji wayar nan mai araha da ke juya tsohon bakin wuta mai ƙafa huɗu zuwa SATA, musamman wadda aka narka roba aka rufe bakinta, don an sha ganin irinta ta ƙone. Wajen shirya ma'adanar a Windows kuma ka zaɓi tsarin GPT. Tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya haura 2TB, sauran wurin sai ya zauna a banza.

Tambaya: Na sayi 1TB, kwamfuta ta nuna 931GB. An cuce ni ne?
Wani mai karatu, Gusau

Amsa: Ba a cuce ka ba, Malam. Kamfani yana lissafi da 1,000, Windows tana lissafi da 1,024. Bait tiriliyan ɗaya idan aka raba shi da 1,024 sau uku, 931 zai ba ka. Haka 500GB za ta fito 465GB, 2TB ta fito 1.81TB, 4TB ta fito 3.63TB.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sabuwa ta yi min tsada, na hannu nake so in saya. Wani abokina ya sayi wadda aka ce masa sabuwa ce, ba ta yi wata biyu ba ta mutu. Ta yaya zan gane mai lafiya?
Mai gyaran waya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam. Sayen ta hannu ba laifi ba ne idan an san ta hannu ce kuma an biya kuɗin ta hannu. Abin gudu shi ne tsohuwa a ledar sabuwa. Ka tafi da laftof, da wayar da ke haɗa SATA da USB, da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce kuma tana tashi daga fulash. Ma'adanar inci 2.5 wutar USB ta ishe ta, ta inci 3.5 kuwa tana buƙatar bolt 12, don haka sai da waya mai nata caja.

Fara da ido. Dubi ramukan sukuru na gefe: idan an taɓa ɗaure ta za ka ga zaren ya goge. Dubi haƙoran zinaren, sabuwa ba ta da zanen shiga da fita. Karanta shekarar ƙira a jikin takardar, ka duba ko an rubuta Recertified, wato wadda kamfani ya gyara ya sake fitarwa. Irin wannan tana iya yin kyau, amma kuɗinta ba na sabuwa ba ne.

Sannan ka jona ta. Lambar siriyal da manhajar ta nuna dole ta zo daidai da ta jikin takardar, in suka saɓa ka ajiye musu kayansu. Za ka iya sa lambar a shafin garanti na kamfanin ka ga ko ya san da ita. Kowace ma'adana tana riƙe da tarihin lafiyarta, wanda ake kira SMART, kuma manhajar za ta nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan da abin lura, ja idan ta lalace. Kada launin ya ishe ka, duba waɗannan layukan. Layi na 05 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka musanya su da na ajiya. C5 yana ƙirga waɗanda ta kasa karantawa tana jiran ta musanya. C6 na waɗanda ba su gyaru ba ne. Duka ukun sifili ake so a shafin Raw Values, kuma ko 1 ka gani a C5 kada ka saya, don irin wannan lalacewar ƙaruwa take yi. Layi na 09 shi ne awannin da ta yi a kunne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka mai awa 30,000 ta yi kusan shekara uku da rabi ba hutawa. Ga ajiyar da take da kwafi a wani wuri za a iya lallaɓawa da ita, amma ba za mu ɗora mata abin da ba shi da na biyu ba.

Sai dai masu ha'inci suna iya mayar da waɗannan lambobin sifili. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise da ke Jamus ta ba da rahoton ma'adanan Seagate na saba da wasu dillalai suka sayar a matsayin sababbi, alhali sun yi dubban awanni suna aiki. An gano su ne ta wani kundi na biyu mai suna FARM da ke cikin irin waɗannan ma'adanan, wanda manhajar smartmontools ke iya karantawa. Don haka idan takarda ta ce an ƙera ta shekara shida da suka wuce, SMART kuma ta ce awa 3, ka yi shakka.

Gwajin da ba a iya yi wa dabara shi ne a bi faifan gaba ɗaya. Ka yi yarjejeniya da mai shago a rubuce a rasit cewa kana da kwana uku ko mako ka dawo da ita. A gida ka yi mata fomat cikakke, wato ka cire alamar Quick Format, Windows za ta rubuta sifili a kowane gurbi. 1TB tana cin awa biyu zuwa uku. In ta gama ka sake duba 05 da C5. Idan sun motsa daga sifili, mayar da ita.

A SSD ta hannu ka duba kashi nawa cikin ɗari ya rage na lafiyarta, da Total Host Writes, wato jimillar rubutun da aka yi mata, ka gwada shi da TBW ɗinta. Akwai kuma na jabu da aka shirya su faɗi ƙarya, ta ce 1TB ce alhali cikinta bai wuce 64 ko 128GB ba. Tana karɓar fayil ba musu, amma da an wuce ainihin girmanta sai fayilolin su fito a lalace. Manhajar H2testw tana cika ma'adana da bayanai ta sake karanta su, ta faɗa maka girman gaskiya. SSD mai 2TB da aka yi maka kuɗin mai 256GB ba ta ma cancanci gwaji ba.

Tambaya: Ina da kyamarorin tsaro takwas a shago, ina son su riƙe hoton wata ɗaya. Ta kwamfuta da nake da ita za ta yi?
Wani ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Alhaji, za ta yi aiki, amma ba za ta daɗe ba. Seagate ta ƙayyade wa BarraCuda awa 2,400 da terabait 55 a shekara, na'urar kyamara kuwa awa 8,760 take yi tana rubutu ba tsayawa. WD Purple da SkyHawk an yi su ne don wannan, an ba su terabait 180 a shekara. Ga lissafin girma: kyamara ɗaya a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin 21.6GB a rana, takwas 173GB ke nan, kwana 30 kuma kusan 5.2TB. Mai 6TB ce za ta yi maka. Idan kyamarorin a kan megabit 4 suke, lissafin ya ninka. A duba littafin na'urar a ga iyakar girman da take ɗauka, a kuma kunna H.265 idan tana da shi, yana rage cin wuri sosai.

Tambaya: Na sayi sabuwar, yaya zan mayar da kayana ba tare da na rasa komai ba?
Malamar makaranta, Katsina

Amsa: Malama, kafin komai ki kwafe muhimman fayilolinki a wani wuri daban. Idan BitLocker, manhajar Windows mai kulle ma'adana, a kunne take, ki ajiye lambar buɗewarta mai alƙaluma 48, ko ki kashe ta tukuna. Hanya biyu ce. Ta farko a kwafe tsohuwar dungurungum: ki jona sabuwar ta USB, ki yi amfani da Clonezilla, ko Samsung Magician idan sabuwar Samsung ce. Sharaɗin a Magician shi ne abin da ke cikin tsohuwar ya zama bai kai girman sabuwar ba, Clonezilla kuwa a tsarinta na yau da kullum tana so sabuwar ta kai girman tsohuwar, kuma ki karanta sau biyu kafin ki danna, don idan kika juya wadda za a kwafa da wadda za a zuba wa, komai ya tafi. Ta biyu a sa Windows sabuwa da fulash mai 8GB da manhajar Media Creation Tool. Idan tsohuwar ta fara ciwo ko Windows ɗin ta cika da tarkace, ta biyun muka fi so.

Wajen canzawa ki kashe na'urar gaba ɗaya, ki zare caja da batir, in na ciki ne a cire wayarsa daga madabod, ki danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15. Ki taɓa ƙarfe kafin ki taɓa cikinta, musamman da hunturu da jiki ke tara lantarki. Idan ma'adana ta biyu kika ƙara ba ta fito a This PC ba, ki danna maɓallin Windows da X, ki zaɓi Disk Management, za ki gan ta da baƙin layi. Ki yi Initialize ki zaɓi GPT, sannan New Simple Volume da NTFS. Tsohuwar kuma ki ajiye ta yadda take na mako biyu kafin ki goge.

Tambaya: Cikin shekara biyu ma'adana biyu sun mutu min a kwamfutar tebur, ta yanzu ma ta fara ƙas-ƙas. Me ke kashe su?
Wani akawu, Sakkwato

Amsa: Malam, idan na'ura ɗaya tana cin ma'adana a jere, a tuhumi wuta da zafi. Ɗauke wuta ana cikin rubutu yana lalata fayil, hawa da saukar wutar janareto kuma yana gajiyar da fawa-saflai, shi kuma ya riƙa ba ma'adanar wuta mara kyau. Ka sa UPS, na'urar batir mai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ko da mai 650VA ce, kada ka ɗora mata firinta mai leza, kuma a auna fawa-saflai ɗin: layin bolt 12 ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Yawancin HDD iyakar zafinsu digiri 60 ne, amma an fi so su zauna ƙasa da 45. A zafin Afrilu na Sakkwato hakan ba zai samu ba sai da fanka a gaban akwatin tana hura ma'adanar, da share ƙurar da hunturu ya tara. Ka ɗaga akwatin daga ƙasa inda ƙafa ke bugunsa, ka ɗaure ma'adanar da sukurori huɗu. Idan layin C7 na SMART ne ke hawa, wayar SATA ce ta lalace, canza ta.

Wadda ke ƙas-ƙas ɗin kuwa, ka daina aiki da ita yau. Wannan ƙarar ta hannun karatu ce da ke neman layi yana kasawa, kuma duk kunnawar da ka yi tana iya ƙara kankare faifan. Kada ka yi mata chkdsk ko fomat, kada ka sa ta a firji kamar yadda wasu ke cewa, kada kuma a buɗe murfinta a shago, don tazarar da ke tsakanin kan hannun da faifan ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba. Idan har yanzu tana buɗewa, ka kwafe mafi muhimmancin fayiloli tukuna, sannan mai gyaran da ya iya Linux ya ɗauki kwafinta gaba ɗaya da ddrescue zuwa wata ma'adanar da ta kai ta girma. Wannan manhajar tana fara kwashe wuraren da ke da lafiya, ta dawo kan masu ciwo daga baya. Sabuwar da za ka saya kuma kada ka jona ta sai an gama auna fawa-saflai ɗin.